Tambaya da Amsa: Inuwar da Ke Riga Dutse Sauka

A wannan fitowa mun ware filin gaba ɗaya ga wasiƙu huɗu da suka zo daga garuruwa daban-daban amma suka haɗu a kan abu guda, wato baƙar inuwar nan da ke bayyana a ƙasa cikin katun da wasannin bidiyo jim kaɗan kafin wani abu ya rufto daga sama. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara 9 da ke son wasan bidiyo, kuma rannan na zauna kusa da shi ina kallo, sai na lura yakan kauce da ɗan mutumin da yake sarrafawa tun kafin dutse ya faɗo, alhali ni ban ga dutsen ba tukuna. Da na tambaye shi yadda aka yi ya sani, sai ya ce mini inuwa ce ta gaya masa. Shin me ya sa masu yin waɗannan wasanni suke sa inuwa ta zo kafin abin, kuma yaya aka yi ƙaramin yaro ya gane ba tare da an koya masa ba? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya yaronki ya faɗa miki, kuma kafin mu je kan wasan ina so ki tuna abin da ke faruwa a tsakar gida da hantsi, lokacin da kaza take kiwo da 'yan tsakinta a gindin turmi suna tsintar tsaba. Da zarar shirwa ta gilma ta sama, inuwarta ta share ƙasa, sai uwar ta saki wata irin ƙara wadda ba ta yi kama da kyarkyarar da ta saba ba, nan take 'yan tsakin su watse, wasu su shige ƙarƙashin fikafikanta, wasu kuma su lafe a bayan randa ko gindin rumbu ba ko motsi. Babu wanda ya zaunar da su ya yi musu darasi a kan shirwa. Duhun da ke tahowa daga sama yana kumbura abu ne da jikin dabba ya san fassararsa tun kafin tunani ya sa baki, kuma ɗan Adam ma yana da rabonsa a cikin wannan.

Masana sun daɗe suna auna wannan tsoro. A 1962 wasu masu bincike uku a Amurka, William Schiff da James Caviness da James Gibson, sun zaunar da birai a gaban farin allo, suka riƙa haska wata inuwa a kansa tana faɗaɗa da sauri. Babu abin da ke tahowa a zahiri, inuwa ce kawai take girma a kan allo, amma biran suka riƙa zabura suna ja da baya, manya da jarirai duka. Da aka juya abin, inuwar ta riƙa tsukewa, sai tsoron ya kau. Schiff ya sake gwajin daga baya da ƙaguwa da kwaɗi da 'yan tsaki, ya kuma ga irin wannan kaucewa. A 1971 William Ball da Edward Tronick suka gwada da jariran mutane 'yan makonni da haihuwa, suka ga suna janye kai baya idan inuwar tana faɗaɗa daidai ta kowane gefe, wato kamar abin ya nufo fuskarsu. A 2013 kuma Melis Yilmaz da Markus Meister sun nuna cewa ɓeran da aka haifa a ɗakin bincike, wanda bai taɓa ganin mujiya ko shaho ba, yakan ruga maɓoya ko ya sandare wuri guda idan aka nuna masa baƙin da'ira tana faɗaɗa a saman kansa, amma farar da'ira ba ta tayar masa da hankali haka. Hatta fara, wadda yara ke shan wahalar kamawa da hannu, tana da wata jijiya ta musamman a bayan idonta da ke farkawa idan abu ya nufo ta, kuma wata masaniya a Jami'ar Newcastle ta Ingila, Claire Rind, ta yi suna da nuna wa fara fim ɗin Star Wars don ta ga yadda jijiyar ke amsawa idan jiragen cikin fim ɗin suka taso.

To, wannan shi ne jarin da masu yin wasa suka tarar a ajiye, suka ɗauka suka juya. Sai dai ba tsoratarwa ce ta fara kawo inuwa cikin wasanni ba, wata matsala ce ta ido. Allon talabijin a shimfiɗe yake, ba shi da zurfi, saboda haka idan aka nuna abu a tsakiyarsa mai kallo ba zai iya bambance ko yana can nesa a ƙasa ba ne ko kuwa yana nan kusa a rataye cikin iska. Wasan Zaxxon na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1982, yana cikin na farko da suka warware wannan ta hanyar sa wa jirgin yaƙin inuwa a ƙasa, ta yadda tazarar da ke tsakanin jirgin da inuwarsa za ta nuna tsawon tashinsa. A 1997 Daniel Kersten da abokan aikinsa sun tabbatar da ƙarfin wannan dabara da wani gwaji mai ban sha'awa. Sun nuna ƙwallo tana tafiya a karkace cikin hoton akwati, ba su canja hanyarta ko kaɗan ba, inuwar kawai suka riƙa sauya wa hanya. Idan inuwar ta bi ƙwallon a manne, mutane su ce tana gangarawa a ƙasa zuwa cikin akwatin, idan kuwa inuwar ta rabu da ita ta bi wata hanya, sai su rantse ƙwallon tashi sama take yi.

Lokacin da kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Super Mario 64 a 1996, a ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto, masu yin wasan sun yanke shawarar cewa duk abin da ke cikin iska a sa masa inuwa a daidai ƙasansa, ko ta ina haske yake zuwa. Ɗaya daga cikinsu, Yoshiaki Koizumi, ya bayyana daga baya cewa sun san hakan bai dace da zahiri ba, amma ya sa wasan ya fi sauƙin bugawa. Da inuwar ce mai wasa yake sanin inda Mario zai dira, da ita kuma yake sanin inda wani ƙaton dutse mai fuska da ake kira Thwomp zai faɗo. Misalin da na fi so shi ne na wasan Zelda na 1998, Ocarina of Time, inda akwai wani dodo mai siffar hannu da ake kira Wallmaster, wanda ke maƙale a rufin wasu ɗakuna ba a ganinsa. Mai wasa yana tsaye yana nazarin ƙofar da zai bi, sai ya ji wani huci kamar iska tana kaɗawa, ya ga inuwa tana faɗaɗa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Idan ya ci gaba da tsayuwa hannun zai sure shi ya mayar da shi bakin ƙofar shiga, ya sake faro tafiya. Sau ɗaya yaro yake buƙatar a sure shi, daga nan ya haddace.

Wani abu da yakan ba ni mamaki shi ne yadda ma'anar ta juye idan aka kwatanta da tamu. A ƙasar da rana ke dukan mutum, inuwa rahama ce, shi ya sa muke cewa wane ya zama inuwa ga marayu, ko mutane sun taru a ƙarƙashin inuwa guda. Amma ga yaronki ya shiga wata duniya inda inuwa take nufin a gudu, kuma bai rikice ba, domin inuwar bishiya a tsaye take, ita kuwa waccan girma take yi.

TAMBAYA: Malam, ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Na kashe fitilar aji, na kunna tocila, na nuna wa ɗalibai cewa idan hannu yana kusa da tocila inuwarsa a bango takan yi girma, idan ya matsa kusa da bango kuma sai ta ragu. Sai wani ɗalibi ya ce ai a katun inuwar dutse girma take yi yayin da yake kusantar ƙasa. Wane ne ke da gaskiya tsakanina da masu katun? Daga Katsina.

AMSA: Malam, gwajinka daidai ne, ɗalibinka ma ya iya lura, kuma abin da ya raba ku shi ne irin fitilar. Tocila ƙaramar fitila ce da ke kusa, haskenta yana bazuwa ta ko'ina daga wuri guda, shi ya sa abin da ke dab da ita yake tare haske mai yawa. Da a ce dutse zai faɗo daga kusa da ƙwan lantarkin da ke rufin ɗaki, to inuwarsa za ta fara da faɗi ne tana tsukewa har ta yi daidai da girmansa, wato akasin abin da katun ke nunawa.

Rana kuwa labarinta daban ne. Tana da nisa sosai har haskenta yana iso mana kusan a miƙe, saboda haka faɗin inuwa gaba ɗaya ba ya canjawa sosai da tsawo. Amma rana ba ɗigo ba ce, faifai ce mai faɗin kusan rabin digiri a sararin sama, kuma nisanta daga gare mu ya kai kusan ninki 108 na faɗinta. Wannan ya sa kowace inuwa take da kashi biyu, akwai baƙar cibiya inda aka tare rana ɗungurungum, akwai kuma dishi-dishin gefe inda aka tare wani ɓangare nata kawai. Baƙar cibiyar tana tsukewa yayin da abu ke yin sama, har ta ɓace idan nisansa daga ƙasa ya kai kusan ninki 108 na faɗinsa. Ɗauki dutse mai faɗin mita 1. Idan yana sama da mita 108 ba shi da baƙar cibiya a ƙasa ko kaɗan, sai wani ɗan disashewar haske. A mita 54 cibiyar ta kai kusan rabin mita, idan ya zo dab da ƙasa kuma ta cika mita guda da kaifin gefe. Ke nan masu katun suna da ɗan abin kafa hujja, domin baƙin da ido ya fi gani yana girma da gaske, sai dai sun ƙara wa miyar gishiri. Wannan lissafi ne ya sa jirgin sama da ke can ƙololuwa ba ya jefa inuwar da za a gani a ƙasa, amma wanda ya zauna kusa da taga lokacin sauka zai ga inuwar jirgin ta fito a kan gonaki, tana ƙara baƙi, tana matsowa, har ta haɗu da tayoyin a kan titin jirgi.

Babbar ƙaryar katun tana wajen da ɗalibinka bai duba ba, wato wurin da inuwar take faɗawa. Hausawa sun riga sun gama wannan darasi da suka ce inuwar giginya na nesa ka sha. Abu mai tsawo ba ya ajiye inuwarsa a gindinsa sai idan rana tana tsakar ka. Idan rana ta karkata digiri 45, dutsen da ke mita 20 a sama inuwarsa tana can mita 20 a gefe, kuma yayin da yake faɗowa inuwar za ta riƙa rugowa ta ƙasa ne zuwa wurin da zai dira, su haɗu a lokaci guda. Wanda ke tsaye a wurin ba zai ga duhu ya rufe shi ba sai a ƙiftawar ƙarshe. Rana tana zuwa daidai tsakar ka ne kawai a ƙasashen da ke tsakanin digiri 23 da rabi arewa da kudu da tsakiyar duniya. Mu nan muna ciki, kuma a Kano da Katsina hakan na faruwa sau biyu a shekara, kusa da ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, lokacin da sandar da aka kafa a miƙe takan rasa inuwa da zawali. Ladanai da suka saba duba inuwa don sanin shigar azahar da la'asar sun san wannan sarai. Abin dariya shi ne hamadar kudu maso yammacin Amurka, inda aka kafa labarin dilan nan na katun da duwatsu ke yawan faɗa wa, tana arewa da wannan iyaka, haka ma birnin Kyoto na Japan inda kamfanin Nintendo yake, saboda haka a can rana ba ta taɓa tsayawa inda katun da wasannin suke nuna ta.

Ina ba ka shawara ka ƙara wa ɗalibanka lissafi ɗaya, domin yana da amfani a wajen aji. Abin da ya faɗo daga mita 5 sakan guda kawai yake yi a hanya, wanda ya faɗo daga mita 20 kuma sakan 2, ya iso da gudun kusan kilomita 70 a awa. Bulo da ya suɓuce daga bene ba ya aiko da sanarwa irin ta katun, shi ya sa ake killace gindin gini, ake kuma tilasta wa ma'aikata sa hular kwano.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, tun muna yara muke kallon Tom and Jerry da kuma dilan nan mai bin tsuntsu, amma har yau ban gane dalilin da ya sa idan suka ga inuwa ta rufe su ba sa gudu ba, sai su ɗaga kai su tsaya. In dai ba za su tsira ba, mene ne amfanin gargaɗin? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, gargaɗin ba domin su aka yi ba, domin kai mai kallo aka yi shi. Dilan da kake nufi shi ne Wile E. Coyote, wanda Chuck Jones da Michael Maltese suka ƙirƙiro a kamfanin Warner Bros., ya fara fitowa a 1949, shekara 9 bayan William Hanna da Joseph Barbera sun fito da kyanwa da ɓeransu a 1940. Ka tuna yadda abin yake tafiya. Dila ya ɗana tarko da ƙaton dutse, tsuntsun ya wuce lafiya, shi kuma ya fito tsakiyar hanya yana susar kai. Sai wani ɗan baƙin tabo ya bayyana a ƙafarsa, ya fara faɗi, wata siririyar ƙara tana saukowa daga sama. Ya dubi ƙasa, ya ɗaga kai, kunnuwansa su langaɓe, ya juyo ya dube ka, wani lokaci ma ya buɗe wata 'yar laima da ko ruwan sama ba za ta tare ba. A wannan ɗan tsakani ne dariyar take, domin kai ka sani, shi ma ya sani, kuma babu abin da sanin zai tsinana masa. Faɗuwar dutsen kanta cikawa ce kawai. Da dutsen zai faɗo ba sanarwa, da zabura za ka yi, kuma zabura ba ta daɗewa. Alfred Hitchcock, mai shirya finafinan ban tsoro, ya taɓa kwatanta wannan da bam a ƙarƙashin tebur, inda ya nuna cewa idan ya tashi ba zato masu kallo za su firgita na 'yan sakanni, amma idan an nuna musu shi tun farko za su zauna cikin zullumi na mintoci.

Masu zanen katun suna da ƙa'idar da suke koya wa almajiransu, cewa kowane babban motsi sai an share masa fage da ƙaramin motsi, kamar yadda ɗan dambe yake ja da hannu baya kafin ya kai naushi. Tsofaffin masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun lissafa ta cikin ƙa'idoji 12 da suka wallafa a 1981. Dalilinta a fili yake, domin fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan, kuma dutsen da ya ratsa allo cikin hoto huɗu ko biyar zai iya wucewa ido bai kama shi ba idan ba a riga an ja idon zuwa wurin ba. Akwai kuma batun sauƙin aiki, wanda a ganina ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. A zamanin da ake zana kowane hoto da hannu, faɗaɗa baƙin da'ira ya fi zana fiyano ko maƙera tana juyi cikin iska araha nesa ba kusa ba, ga shi kuma yana ɓoye abin da ke tahowa, ta yadda girman inuwar kaɗai zai sa ka fara hasashe.

Finafinan da ba na dariya ba ma sun sha amfani da ita. A fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, inuwar dodon ce ake gani tana hawa matakala da dogayen yatsu, kuma mutane da yawa sun fi tuna inuwar fiye da fuskarsa.

TAMBAYA: Malam, ina karatun kwamfuta a jami'a, kuma ina gwada haɗa ɗan ƙaramin wasa na waya inda mangwaro ke faɗowa daga bishiya, yaro yana kaucewa. Na sa inuwa, amma abokaina da suka gwada sun ce wasan zalunci ne, ba ya ba mutum dama. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Ban ga wasan naki ba, amma ƙorafin abokanki ya nuna inda za a duba. Bambancin katun da wasa shi ne a katun an yarda inuwa ta zo a makare, tun da so ake dutsen ya sami dila, amma a wasa inuwa alkawari ce tsakaninki da mai bugawa. Kin ce masa nan zai faɗo, kuma yana da lokacin tsira. Idan ya mutu bayan haka zai zargi kansa ya sake gwadawa, idan kuwa ya ji an yaudare shi zai goge wasan daga wayarsa.

Fara da lokaci. Mutum yana buƙatar kusan rubu'in sakan tsakanin ganin abu da motsa yatsa, kuma wannan ga wanda ya zuba ido yana jira ne, ba wanda hankalinsa ke kan wani gefen allo ba. A wasan da ke tafiya da hoto 60 a sakan, rubu'in sakan hoto 15 ne, waɗanda sun tafi kafin yaron cikin wasan ya ɗaga ƙafa. Sai ki ƙara lokacin da zai ɗauka ya fita daga tsakiyar inuwar zuwa bakinta, wanda za ki samu idan kika raba rabin faɗin inuwar da saurin tafiyarsa, sannan ki ƙara wani abu saboda jinkirin allon waya, musamman ƙananan wayoyin da yawancin mutanenmu ke riƙewa. Jimillar waɗannan ita ce mafi ƙarancin gargaɗin da ya halatta, kuma matakan farko su ninka hakan, a riƙa ragewa sannu a hankali. Kada ki biye wa lissafin faɗuwa na zahiri a nan. Manyan wasanni sukan fito da inuwar tun abin bai fara faɗowa ba, ko su rage masa gudu, kuma babu mai kai ƙara.

Abu na biyu shi ne gaskiyar wuri. Inuwar ta tsaya daidai inda mangwaron zai dira, kuma idan ta gama faɗaɗa girmanta ya zama daidai da wurin da ke cutarwa, ko ma ya ɗan fi shi. Wanda ya tsaya a wajen da'ira da taku guda bai kamata ya mutu ba. Hanyar da aka saba bi mai sauƙi ce a manhajojin haɗa wasa irin su Unity ko Godot, wato a harba layi daga abin zuwa ƙasa a miƙe, inda ya taɓa a ɗora hoton baƙin da'ira, a riƙa ƙara masa faɗi da duhu gwargwadon kusantowa. Wannan ya fi inuwar da ake lissafawa daga fitila sauƙi ga waya, kuma ya fi ta faɗin gaskiya game da wurin dira.

Ina zargin babbar matsalarki tana cikin labarin wasan kansa. Yaronki a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yake, wato a cikin inuwa, kuma baƙi a kan baƙi ba ya fitowa. Irin wannan ne ya sa wasanni da yawa na baya-bayan nan suka mayar da inuwar gargaɗi alama mai launi. A Final Fantasy XIV ƙasa takan yi ruwan lemo a inda hari zai sauka, a PUBG kuma jan da'ira ke fitowa a taswira kafin ruwan bama-bamai. Ni dai na fi son inuwa, domin tana zama cikin duniyar wasan ba tare da ta tuna wa mutum cewa allo yake kallo ba, amma idan ba a ganinta ba ta da amfani. Ki haskaka ƙasar, ki mayar da ita jan rairayi ko farar ƙasa, ko ki zagaye inuwar da siririn farin layi. Kada ki dogara da ja da kore kaɗai, saboda akwai masu matsalar bambance su, waɗanda a Turai sun kai kusan namiji 1 cikin 12. Ki haɗa da ƙara, ko da ɗan kaɗawar ganye ce kafin mangwaron ya tsinke, kamar yadda hucin iska yake rakiyar inuwar hannun nan na Zelda.

Bayan kin gyara, ki miƙa wayar ga ƙaninki ko ƙanwarki ba tare da kin yi bayanin komai ba, ki zauna a gefe ki kalli yatsunsu maimakon allon. Idan yatsan ya motsa da fitowar inuwar amma duk da haka mangwaron ya same su, lokacin ne ya yi kaɗan. Idan kuwa yatsan bai motsa ba sam, to ba su ga inuwar ba ne, sai ki koma kan launin ƙasa.